Tafiretar Gidan Malam Babaji

Duk Ƙofar Sauri an san mijina da buga tafireta. Sunansa Hussaini, amma ba mai kiransa haka, Akawu ake ce masa, har da ni matarsa. Da safe ya tafi ofis ya buga, da la'asar ya dawo ya shige ɗakinsa ya ci gaba, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har a kira magariba. Mahaifinsa, Malam Babaji, in yana zaune a zaure da baƙi sai ya ɗaga yatsa ya ce su saurara.

"Kun ji? Yaron nan gwamnati shike wa aiki har cikin gida. Da ma'aikata duk haka suke, da ƙasar ga ta gyaru."

Baƙi su gyaɗa kai su ce Allah ya yi albarka. Ni kuma ina tsakar gida ina tankaɗe, in cije leɓe don kar dariya ta kuɓuce mini, domin abin da ke ɗakin nan ba tafireta ba ce. Fiyano ne, irin mai aiki da lantarki, dogo kamar ƙyauren ƙofa.

Yadda ya shigo gidanmu ba abin alfahari ba ne. A zamanin sojoji an ƙirƙiro wani ofishi na wayar da kan jama'a, aikinsa ya riƙa gaya wa mutane an kusa miƙa mulki, su ƙara haƙuri. Wani babba a can ya ga ya fi kyau a riƙa faɗin haka da kiɗa, aka sayo fiyano. Da ya iso aka rasa wanda ya san kansa. Shugaban ofis ya dube shi, ya ga maɓallai jere farare da baƙaƙe, ya ce ai duk abin da ake dannawa da yatsa aikin akawu ne. Rufin ofis kuma yana yoyo, sai aka ce Akawu ya tafi da shi gida ya ajiye kafin a gyara. Ba a gyara rufin ba, ba a miƙa mulkin ba, shi ma babban da ya kawo shawarar aka yi masa canjin wurin aiki, kowa ya manta.

Gidan Malam Babaji kuwa gidan karatu ne tun kaka da kakanni. An yi limamai, an yi alƙalai, an yi masu tafsiri, amma makaɗi ko a mafarki. Yaro in ya kuskura ya buga gwangwani da tsinke sai ya sha ranƙwashi. Saboda haka a nannaɗe cikin bargo fiyanon ya ratsa zaure. Malam yana da yanar ido, inuwar mutum kawai yake gani. Ya miƙa hannu ya shafa, ya ji tsawo, ya tambaya. Akawu, mutumin da ko a kan cefane ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ya buɗe baki ya ce tafireta ce ta zamani, ta buga faffaɗan takardun kasafi. Malam ya tofa mata addu'a aka wuce da ita.

Daga ranar unguwa ta ɗauka. Mai neman aiki ya kawo takarda a buga masa, mai rigimar fili ya kawo, mai gayyatar suna ya kawo. Akawu ya karɓa, washegari ya buga musu a tafiretar ofis ta gaskiya, ya kawo. Wani ma har cewa ya yi rubutun ta gida ya fi fitowa rangaɗau.

Akwai wani abin kunne da ya zo da fiyanon, mai kama da marfin kwano biyu. In an cusa wayarsa a rami guda da ke bayan fiyanon, sautin sai ya daina fita waje, ya koma kunnen mai shi kaɗai. Akawu ya cusa wayar nan ya naɗe ta da baƙin salatif, bai ƙara cirewa ba. Shekara da shekaru ina leƙa shi ta taga, ido rufe, kai yana lilo, yatsu suna ta yawo, wani lokacin har da murmushi, irin wanda ni ban cika samu ba. Abin da ya buga sai ya adana a wasu 'yan faya-fayai na roba masu kusurwa huɗu, kamar biskit. Ya tara su cikin gwangwanin madara.

Ni Rashida, matarsa ta sunna, malamar firamare mai takardar shaida, ban taɓa jin ko ɗigo ba. In na ce ya sa mini abin a kunne sai ya ce bai nuna ba tukuna. Da na matsa ya fito fili.

"Ke bakinki ba shi da marhi. Yau kin ji, gobe kina rerawa a madafa, jibi Baba ya tambaye ki inda kika samo."

Na yi fushi na kwana biyu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa.

Sai ga shi a shekarar casa'in da tara sojoji sun yi abin da ba wanda ya zata, wato suka cika alkawari. Aka yi zaɓe, aka sa ranar miƙa mulki ga farar hula. Gari ya cika da fastoci da sababbin manyan riguna. Ofishin su Akawu kuwa, tunda abin da aka kafa shi ya faɗa ya tabbata, aka ce a rufe shi, duk wani kayan gwamnati da ke hannun ma'aikaci a dawo da shi kafin ranar. Wani mai ƙwaƙwalwar tsiya ya tuna da fiyano.

Duk Katsina murna ake, mijina kaɗai ya daina cin tuwo. Na same shi zaune da gwangwanin madara a cinya, na ce wai mene ne abin damuwa, su ɗauki kayansu, ai kiɗanka yana cikin faya-fayanka. Ka kai wa masu kaset su juye maka, ka ɓoye a ƙasan akwati, shi ke nan. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina da hankali. Na ce amma da sharaɗi, ƙafata ƙafarka, wannan karon sai na ji.

A Ƙofar Guga akwai shagon wani Usman, mai sayar da kaset da haya da sifika a gidan biki. Shi ma ya sayi nasa ƙaramin fiyanon yana yi wa 'yan siyasa waƙoƙin kamfe, kuma tun daga lokacin ya fara sa baƙin tabarau a cikin shago. Ya karɓi faifai guda da yatsa biyu, ya ce wannan ai midi ne, ƙaramin aiki. Ya cusa a nasa. Bai tuna ba cewa fiyanon a haɗe yake da ƙatuwar sifikar da ke bakin titi, wadda yake kiran kasuwa da ita. Ya danna.

Kare ya fara haushi. Ba kare guda ba, garke. Sai ƙararrawar tarho, sai wasu ƙahoni irin na badujalar soja suka ɗauka, sai harbin bindiga, tau, tau, a kan tsari, kowane harbi da inda yake faɗowa.

Wanda bai zauna ƙasar nan a lokacin ba, ba zai gane ba. Mu duk wanda ya ji badujala ba gaira ba dalili ya san fassararta, an yi juyin mulki. Ga shi saura 'yan kwanaki a miƙa, kowa zuciyarsa a hannu take. Wani ya ƙwala ihu daga tsallaken titi, "Sun hwasa! Wallahi sun hwasa!" Mai shayi ya kifar da tukunya. Masu achaɓa suka watse. Alhaji Lado, wanda ya ci kansila a mazaɓar kuma tun ranar bai cire babbar riga ba, a gabana ya tuɓe ta ya cusa ƙarƙashin bencin mai gyaran takalmi, ya tsuguna ya ɗauki takalmin wani yana gogewa.

Usman ya kashe da sauri, ya fita yana ba jama'a haƙuri. Ni kuwa na juya wurin mijina.

"Akawu, wannan ne? Shekarun nan duk karnuka kake kiwo a kunne?"

Fuskarsa ta yi fari fat. "Ba nawa ba ne. Wallahi ba haka shike ba."

Usman ya dawo yana share gumi, ya cire tabarau, dole ta sa ya yi bayani. Ya ce faifan nan ba sauti a cikinsa, ko ƙwayar gero. Umarni ne kawai a rubuce, mai lamba kaza ka buga nan, da ƙarfi kaza, ka yi shiru nan. Kamar a aiko wa mace saƙo a ce ta zuba abin da ke tukunya ta uku, a madafar wata miya ce, a ta wata ruwan wanke-wanke. Akawu ya yi shekaru yana gyara muryoyin da ke cikin nasa fiyanon, yana lanƙwasa su, yana ajiye su a lambobin da ba mai amfani da su. A fiyanon Usman lambobin nan gidan kare ne da bindiga.

"To a naka mene ne a wurin?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai, ya karɓi faifansa ya cusa a aljihu.

Maganar dai guda ce. Kiɗan Akawu ba ya rayuwa sai a cikin wancan fiyanon da za a ɗauke. In bai fito ta bakinsa ya shiga kaset ba kafin motar ofis ta zo, gwangwanin madarar nan sai dai a ba yara su yi wasan 'yar carafke da abin ciki. A lokacin ne na daina ganin abin a matsayin wasa. Na dubi mutumin nan da ya kusa shekara arba'in da biyar, bai taɓa mallakar komai nasa na kansa ba sai wannan, na ji tausayinsa ya kama ni.

Ɗauko fiyanon zuwa shago bai yiwu ba, don Malam ba ya barin zaure, kuma Usman ya rantse ba za a ƙara kunna kayan Akawu a layinsu ba. Amma ya ba mu aron rakoda da wata waya. A cire wayar abin kunne, a cusa wannan a ramin, ɗaya bakin a rakoda, sauti ya bi ta ciki ya shiga kaset ba tare da ko ƙuda ya ji ba. Na shigo da rakodar gida a cikin kwandon cefane, na rufa mata alayyafo.

Daga ranar aka ɗauke wuta a unguwarmu. Aka ce gyara ake don ranar biki kada a ji kunya. Kullum Akawu ya zauna yana kallon ƙwan fitila kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ba ta dawo ba sai da hantsin ranar da aka ce motar ofis za ta zo bayan azahar.

Ya ɓanɓare salatif ɗin nan da ya yi shekaru, ya zare wayar abin kunne, ya cusa ta Usman. Sai ta ƙi zama. Bakinta ya tsufa, ramin yana tofo ta waje. Muka gwada tsinke, muka gwada takarda, muka gwada sabon salatif, duk a banza. In ba an danne ta da yatsa ba sai ta zame, kuma in ta zame sautin zai fita ta sifikun fiyanon kai tsaye. Ga shi fiyanon a kan dogon teburi yake, jingine da bango, sai mutum ya tsaya ya miƙa hannu ta baya.

"Ke za ki riƙe," in ji Akawu. "Don girman Allah, Rashida, ko kunama ta harbe ki kar ki saki."

Na tsaya na danne. Ya sa faifai, ya danna rakoda, ya danna fiyano. Shiru kake ji, sai wasu allurai biyu a fuskar rakodar suna tsalle. Ga ni dai, kiɗan mijina yana wucewa ta ƙarƙashin yatsana, ni kuma ko ƙyas. Na ce a raina wannan aure da abin dariya yake.

Ba mu yi nisa ba na ji ƙwanƙwasar sanda a ƙofar ɗaki.

"Salamu alaikum. Usaini, kana ciki?"

Malam ne. Mutumin da tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin ya taka ɗakin ɗansa ba. Ashe labari ya kai masa cewa yau gwamnati za ta ɗauke tafiretarta, shi ne ya ga bai kamata abin da ya yi wa gidansa hidima haka ya fita ba a sa masa albarka ba. Kafin Akawu ya haɗa kalma biyu, labule ya ɗaga, tsoho ya shigo.

To, ni an haife ni a cikin ganuwar Katsina, an rene ni a ciki. Tun ban san hagu da dama ba aka koya mini cewa mace ba ta tsayawa ƙerere a gaban surukinta. Ba shawara na yi ba, ba tunani na yi ba. Gwiwoyina ne suka yi aikinsu. Na zube ƙasa na ce, "Baba, ina kwana," wayar kuma ta faɗo bayana.

Ɗakin ya cika.

Ba kare, ba bindiga. Turmi ne. Dum, dum, dum, taɓarya tana sauka a kan gero, da nauyinta da amonta, har kana jin yadda turmin ke amsawa daga ƙasa. Sai a tsallake bugu guda, ka san an wurga taɓarya sama, a yi tafi, a cafe, ta sauka daidai. Can a sama wata siririyar sarewa tana bi a hankali kamar mace na waƙa da bakinta a rufe. Tsigar jikina ta tashi. Ina durƙushe, na manta da gaisuwar da na fara.

Akawu ya miƙa hannu zai kashe, Malam ya ɗaga sanda ya tare shi. Ya karkata kai.

"Wa ke daka a ɗakin ga?"

Ya ƙara saurarawa, bakinsa a ɗan buɗe.

"Wanga hannun Ma'u ne," ya ce.

Ma'u ita ce mahaifiyar Akawu. Ta rasu tun yana saurayi, ban riske ta ba, kuma ban taɓa jin Malam ya kama sunanta ba, sai dai ya ce mai ɗakin can. Ashe abin da mijina yake yi ke nan duk shekarun nan, yana neman lugudenta a cikin kayan gwamnati, bugu bayan bugu.

Akawu ya kashe. Ya durƙusa kusa da ni, muka zama mu biyu a ƙasa kamar masu jiran hukunci.

"Tahireta," in ji Malam. "Tahireta ta kasahi."

"Baba, ka gahwarce ni."

"Ni ina zaure ina cika baki gaban mutane, ashe makaɗi na aje a gida. Liman na Batagarawa har ce mashi na yi ya turo ɗansa ya koyi aiki wurinka!"

"Na yi kuskure, Baba."

"Kuskure shekara nawa? Ke kuma ɗiyar nan, da ke aka haɗa baki?"

Na ce, "Baba, ni riƙon waya kawai aka ba ni." Ban san inda na samo wannan amsa ba, amma ita ta fito.

A daidai nan muka ji hon a ƙofar gida. A-kori-kurar ofis ce, ta zo tun kafin lokacinta, abin da motar gwamnati ba ta taɓa yi ba a tarihi. Wani ya yi sallama daga waje yana tambayar Akawu.

Malam ya karkata kai wajen ƙofa. Sannan ya nuna wajen teburi da sanda.

"In sun ɗauke ta, wanga ya tahi?"

"Ya tahi, Baba. Sai in ya shiga kaset. Mun hwara, wayar ta zame, sai an sake daga hwarko."

"Shina daɗewa?"

"Kamar tsawon huɗubar Juma'a."

"Ta wane liman?"

Akawu ya ce, "Mai son magana, Baba."

Tsoho ya gyara rawaninsa. Ya ce, ba da mu yake ba, da bango yake, "Daka dai ba kiɗa ba ne. Aikin gida ne." Ya juya ya doka sanda ya fita, a bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Ke, tashi ki riƙe abin da aka ba ki. In na dawo kar ki gaishe ni."

Na miƙe na danne waya. Akawu ya mayar da kaset farko, ya danna. Allurai suka fara tsalle. Tagar ɗakin tana kallon zaure, saboda haka duk abin da ya faru a kunnena.

Wanda aka turo shi ne Isma'il mai kula da sito, da direba, da wasu masu ɗauka. Isma'il a zauren nan ya yi karatun allo, ubansa ma haka. Ya ce, "Allah gafarta Malam, sauri muke, akwai gidajen da za mu—"

"Isma'ila? Ɗan wajen Sani? Zamna, zamna. Ina kwana. Ina gajiya. Ya aiki. Ya iyali. Ya mai jiki, an ce mani gwaggonka ƙahwa ta matsa mata. Wace gwaggon? Ai biyu ne, hwaɗa mani duka."

Ya gaishe da Isma'il har kakan kakansa. Ya koma kan direba, ya gano cewa mutumin Batagarawa ne, ya bi gonakin garin ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ko an yi shuka. Masu ɗauka ma kowa sai da aka tono danginsa. Da gaisuwa ta ƙare Isma'il ya yunƙura, sai na ji Malam ya ce, "To, tunda Allah ya kawo ma'aikatan gwamnati gidana a irin wanga mako, ba ku tahiya ba mu yi wa ƙasa addu'a ba. Ku ɗaga hannu."

Wa zai ce a'a? Wa zai sauke hannu malami yana tsakiyar roƙo?

Ya roƙa wa sojoji masu tafiya Allah ya kai su bariki lafiya, ya ɗauke musu sha'awar dawowa, ya sa su ji daɗin can fiye da nan. Amin. Ya roƙa wa farar hula masu shigowa Allah ya ba su ƙananan aljihu. Amin. Ya roƙa wa kansiloli ƙarfin zuciya, da ikon zama cikin rigunansu. Ashe wannan labarin ma ya iso zaure. Ya roƙa wa rufin ofisoshi, ya roƙa wa masu kawo wuta shiriya, ya roƙa wa a-kori-kura da tayoyinta, kowace taya da nata. Amin ɗin da ya fara da ƙarfi ya koma nishi. Na leƙa ta gefen labulen taga na hango hannun direba yana sauka a hankali, Malam da ba ya gani ya ce, "Ɗaga, ɗan Batagarawa, ban shahwa ba."

Ni ma hannuna ya mutu tun daga kafaɗa. Yatsana ya yi sanyi, gumi yana bin bayana. Amma da za a ce in saki a ba ni kujerar Makka, ba zan saki ba. Akawu yana tsaye yana kallon alluran rakoda, hawaye na zuba, bai ma san suna zuba ba. Muryar tsoho ta fara dushewa, yana tari yana ci gaba, ya ƙare mutane ya koma kan dabbobi.

Rakoda ta yi ƙas, kaset ya kai ƙarshe. Akawu ya dubi gwangwanin madara, cike da sauran faya-fayan da ba za su taɓa samun shiga ba. Ya mayar da marfin ya rufe. Ya leƙa taga ya yi gyaran murya, nan take muka ji Malam ya ce, "Fatiha."

A buɗe aka fito da fiyanon, ba bargo. Maƙwabta sun taru ganin motar gwamnati. Mutumin nan da ya ce rubutun ta gida ya fi kyau ya matso yana zagaya shi, ya tambayi Isma'il ta ina ake sa takarda. Isma'il hannunsa ko ɗaguwa ba ya yi, bai kula shi ba. Suka ɗora suka tafi.

Da la'asar Malam ya ce a kawo masa kaset ɗin ɗakinsa. Yana da tsohuwar rediyo mai kaset da yake jin tafsiri da ita. Akawu ya sa, ni ina bakin ƙofa a tsugune da sunan na kawo ruwa. Turmi ya fara. Tsoho ya jingina da bango ya rufe idon da dama ba gani yake ba. Aka wurga taɓarya, aka tafa, aka cafe. Aka sake. A karo na gaba ya buɗe ido.

"Ka rage ɗaya."

"Na'am, Baba?"

"Tahi biyu takan yi kahin ta cahe. Duk unguwar ga ita kaɗai ke iya biyu. Kai ɗaya ka sa."

Akawu ya kasa kunne, na ga lokacin da abin ya dawo masa, fuskarsa ta canza. Ya miƙe da sauri kamar zai nufi ɗakinsa, sai ya tsaya. Da safiyar ranar, gyaran nan dannawa guda ne. Yanzu teburin ba komai a kai sai alamar ƙura, abin da ya shiga kaset kuma ya shiga ke nan.

"Ba shi gyaruwa, Baba," ya ce a hankali. "Sun tahi da shi."

Malam ya miƙa hannu. Ya laluba rediyo, ya mayar da kaset baya da kansa, ya sake dannawa. Dum, dum, dum. Taɓarya ta tashi sama, kaset ya yi tafinsa guda, sai tsoho ya ɗaga busassun hannuwansa, waɗanda ban taɓa ganin sun haɗu ba sai a addu'a, ya cika na biyun.